Fikus Yana Zubar da Ganye a Falo: Yadda Ake Gano Dalili, a Fara da Haske

Cikin shuke-shuken da ake ajiyewa a ɗaki kaɗan ne suka kai fikus benjamina saurin zubar da ganye. Ita ce 'yar bishiyar nan mai ƙananan ganye masu sheƙi da rassa masu sunkuyowa, wadda masu fulawa ke jerawa a bakin titi, wani lokaci an kitse mata kara uku kamar kitson kai. Ana sayo ta shar da ita, a kawo falo a ajiye gefen talabijin, kafin mako biyu kullum da safe sai an share ganye a kan tayil. Abin da mai ita kan fara yi shi ne ƙara ruwa. Idan zubar ba ta tsaya ba ya kawo taki, idan ta ci gaba ya sauya tukunya ko ya mayar da ita wani lungun. Duk wannan gyaran gangar Abzinawa ne, don kowane ɗaya daga cikinsu sabon canji ne, ita kuwa canji ne ya sa ta fara zubar da ganyen tun farko.

Asalinta daga kudanci da kudu maso gabashin Asiya ne zuwa arewacin Ostareliya, kuma 'yar uwar cediya ce da durumi da ɓaure da gamji. Idan ka tsinki ganyenta za ka ga farin ƙaro irin nasu. Sai dai ba ta cikin itatuwan da ke da lokacin kaɗe ganye, kamar kuka da ke tsiraita da rani ko gawo da ke yin nasa da damina. Fikus benjamina kore take shekara duka. Tsofaffin ganye biyu ko uku a mako daga can cikin rassa ba komai ba ne. Amma idan ya kai ana cika tafin hannu kullum, akwai dalili.

Me ya sa ganyen ke faɗuwa

A gindin kowane ganye, daidai inda sandarsa ta haɗu da reshe, akwai wani siririn layi da aka halitta don yankewa. Muddin ganye yana aiki, yana samun hasken da zai haɗa abinci, yakan riƙa aika wani sinadari mai suna oksin da ke hana layin nan buɗewa. Da zarar aikin ya ragu, oksin ya ja baya, sai wani sinadarin, etilin, ya sa layin ya narke, ganye ya faɗo ko da yana kore. Wato shukar ce da kanta ke sallamar ganyen da cinsa ya fi aikinsa.

Ga inda matsalar sabuwar saye take. Ganyen da ya tsiro a fili cikin rana ƙarami ne, mai kauri, an gina shi don haske mai ƙarfi, kuma yana cin abinci da yawa kafin ya rayu. Ganyen inuwa ya fi faɗi da sirantaka, ɗan haske kaɗan ya ishe shi. Ganyen rana ba ya rikiɗa gaba ɗaya ya zama na inuwa. Idan aka ɗauko shukar daga bakin titi aka shigar da ita falo rana ɗaya, sai ta zubar da na rana ta fito da sababbi da suka dace da wurin, in dai hasken wurin ya kai ta yi toho. Manoman fulawa na Fulorida a Amurka sun daɗe da sanin haka, shi ya sa sukan riƙe fikus a ƙarƙashin ragar inuwa na makonni kafin su kai kasuwa. A wajenmu ba kasafai ake yin wannan ba, mai saye ne zai yi da kansa.

Mataki na farko: ɗebo ganyen da ya zuba ka duba

Kafin a taɓa tukunya, a tattara ganye goma daga ƙasa a shimfiɗa a kan farar takarda. Kore ne, lafiyayye, mai laushi, kamar an tsinko shi da hannu? Wannan alamar canji ce: sabon wuri, raguwar haske, ko iska mai sanyi da ke bugunta. Rawaya ne gaba ɗaya, mai laushi, kuma daga ƙasan shukar da cikinta yake zubowa? Ko ruwa ya yi yawa, ko duhu, kuma yawanci tare suke tafiya. Ya bushe ƙayau, ya naɗe, yana ƙara idan an murza? Ƙishirwa ce ko busasshiyar iska. Idan akwai fari-fari ko tabon ruwan ƙasa a tsakiyar ganyen da ke ɓangaren taga kawai, rana ce ta ƙona shi. Idan kuwa gefuna da baki ne suka ƙone, a yi zargin gishirin ruwa ko taki. Ɗigo-ɗigon rawaya ƙanana kamar an yayyafa gari, ko danƙo a yatsa, aikin ƙwari ne.

Sannan a tambayi kai me ya canza cikin wata ɗaya da ya wuce. An matsar da kujeru? An sa sabon labule? An fara kunna AC? Hunturu ya shigo? An yi tafiya an bar wa wani ban ruwa? Fikus kan yi jinkirin mako ɗaya zuwa uku kafin ta nuna fushinta, don haka abin da ya faru jiya ba lallai shi ne mai laifi ba.

Mataki na biyu: auna hasken, kada ka yarda da idonka

Idon mutum yana daidaita kansa da duhu cikin daƙiƙoƙi, shi ya sa falon da muke gani tarwai zai iya zama dare a wajen shuka. Ana auna haske da ma'aunin luks. Rana tsaka a fili takan kai luks 100,000. Inuwar bishiya a tsakar gida tana tsakanin 10,000 da 20,000. Dab da taga mai haske, inda rana ba ta faɗa kai tsaye, akan samu 3,000 zuwa 10,000. Ka ja baya mita biyu kacal, sai ka ga ya faɗo 500 ko ƙasa da haka, lungun da ke gefen talabijin kuwa 100 zuwa 200. Shukar da aka ɗauko daga 100,000 aka kai ta 200 ta rasa fiye da kashi 99 cikin ɗari na haskenta.

Ka sauke manhajar auna haske a waya. Ka riƙe wayar daidai tsayin ganyen, fuskarta na kallon taga, jikinka kada ya tare. Ka auna da hantsi, da azahar, da la'asar, ka rubuta. Waya ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma ta isa ta nuna maka bambancin wuri da wuri. Ga ma'aunin aiki: idan mafi yawan yini hasken bai kai luks 1,000 ba, zubar ganye ba za ta tsaya ba ko me ka yi. A wajen 2,000 shukar za ta riƙe kanta ba tare da girma sosai ba. Daga 5,000 zuwa 10,000 ne take cika ta yi duhun ganye.

In babu manhaja, a yi gwajin inuwa. Da tsakar rana a ajiye farar takarda a wurin tukunyar, a ɗaga hannu kamar santimita 30 a samanta. Idan inuwar ta fito da yatsu biyar a rarrabe, wurin ya yi. Idan ta fito dishi-dishi amma ana gane hannu ne, da kyar. Idan sai an ƙura ido kafin a ga inuwa, wannan wurin fulawar roba ne.

Ginin gidajenmu ma yana da hannu. Gilashi mai duhu, da ragar sauro, da ƙarfen taga, da labule biyu, da baranda mai faɗi, da katangar maƙwabci da ba ta wuce mita ɗaya da rabi ba daga tagar, kowanne yana cin rabonsa kafin haske ya iso ga ganye. Hanya mafi sauƙi ta gane amfanin taga ita ce ka tsuguna ka sa kanka daidai inda ganyen yake, ka leƙa waje. Yawan sararin sama da kake hangowa shi ne yawan hasken da shukar ke samu. Idan katanga kawai kake gani, to ita ma katanga take gani.

Wace taga?

Shawarar da ke yawo a intanet cewa tagar kudu ta fi kowace haske, ta arewa kuma ba ta ganin rana, an rubuta ta ne don Turai da arewacin Amurka. A wajenmu lissafin ya ɗan bambanta. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana tana ratsawa ta arewacin kanmu da tsakar rana. A wannan lokacin tagar kudu ba ta samun rana kai tsaye, ta arewa ce ke ɗan samu, musamman safe da yamma. Daga Oktoba zuwa Fabrairu kuwa rana ta karkata kudu, a Disamba tsayinta da tsakar rana bai wuce digiri 55 ba, sai ta leƙo ta tagar kudu ta shimfiɗa a ƙasan ɗaki. Sakkwato, Katsina, Maiduguri, Maraɗi da Damagaram duk kusan haka abin yake, bambancin 'yan kwanaki ne. Ma'anar wannan ita ce wurin da ya yi wa shuka daidai a Janairu zai iya yi mata duhu a Yuni, ga kuma gajimaren damina a kai. A riƙa sake aunawa duk lokacin da yanayi ya juya.

Tagar gabas ita ce zaɓi na farko. Tana ba da rana mai taushi daga fitowarta zuwa hantsi, sannan haske mai kyau sauran yini. Wanda ya rikice da kusurwoyin gidansa ya tuna inda ake fuskanta a salla, alƙibla a ƙasar Hausa gabas ce mai ɗan karkata arewa. A ajiye tukunyar tsakanin rabin mita zuwa mita ɗaya daga gilashin. Tagar yamma tana da haske amma ranar la'asar a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana dafa ganye ta bayan gilashi. A can sai an sa farin labule shara-shara, an kuma ja tukunyar baya mita ɗaya.

Da an sami wurin, a bar ta nan. Abin da kawai za a riƙa yi shi ne juya tukunyar rubu'in zagaye duk mako ɗaya ko biyu, don kada gefe guda ya cika ɗayan ya zama sanƙo.

Ƙurar hunturu tana rage haske sau biyu, a kan gilashi da raga, sannan a kan ganyen kansa. Duk mako biyu a wanke raga da gilashi, a fitar da shukar inuwa a yi mata wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, sama da ƙasan ganye, bayan an rufe bakin tukunyar da leda don kada ƙasar ta jiƙe fiye da kima. Kada a shafa mata man gyaɗa ko madara don sheƙi. Ƙura suke kamawa.

Sabuwar saye: sabar da ita a hankali

Wanda bai riga ya shigar da tasa ba yana da sa'a. A fara ajiye ta mako biyu a baranda ko ƙarƙashin rumfa, inda akwai haske sosai amma rana ba ta dukanta sai da safe. Mako biyu na gaba a matsar da ita wuri mafi inuwa a waje, ko bakin ƙofar da ke buɗe da rana. Bayan nan a kai ta tagar da aka zaɓa. Duk da haka za ta zubar da wasu, amma ba kamar wadda aka jefa duhu rana ɗaya ba. Kada a sauya mata tukunya ko a ba ta taki a makonni huɗu zuwa shida na farko.

Haka ma idan za a fitar da wadda ta daɗe a ɗaki. Mutane kan ce bari a kai ta ta sha rana, su ajiye ta tsakar gida da azahar. Awa biyu sun isa ganyen inuwa ya yi fari ya ƙone. A fara da cikakkiyar inuwa, sannan awa ɗaya ta ranar safe, a riƙa ƙarawa cikin kwana goma zuwa sha huɗu.

Idan taga ba ta isa ba: fitila

Ba sai an nemi fitilar nan ta musamman ta shuke-shuke mai launin shuɗi da ja ba. Ƙwan LED fari na yau da kullum, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa, mai cin wat 15 zuwa 20 na gaskiya, yana yi. A duba adadin lumen, wato yawan hasken da ƙwan ke fitarwa, a jikin kwalin, a nemi 1,500 zuwa 2,000, don wasu kwalayen suna rubuta wat ɗin tsohon ƙwan da suke kwatanta kansu da shi ne. Sirrin yana ga nisa. Idan aka ninka tazara, hasken da ke isa ganye yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙwan da ke santimita 30 zuwa 40 a saman shukar zai ba da kamar luks 2,000 zuwa 3,000, ya fi haka in yana da murfi mai tattara haske ƙasa. Shi wannan ƙwan idan yana maƙale a silin, mita biyu daga ganye, ko luks 100 ba zai kai ba. Shi ya sa barin fitilar falo a kunne ba ya hana komai.

A kunna awa 12 zuwa 14 kullum, a kashe da dare, shuka ma tana buƙatar duhunta. Ƙwai mai wat 20 na awa 12 yana cin wat-awa 240, ƙasa da rubu'in yunit ɗaya, don haka ƙaramin sola ko inbata zai ɗauka ba tare da wahala ba. Inda wuta ba ta da tabbas kuma babu sola, gaskiyar magana ita ce a haƙura da fikus a wannan lungun. A kai ta baranda, a sa moda a madadinta, mai dogayen ganye a tsaye kamar takobi, ita tana jure ƙarancin haske.

Mataki na uku: ruwa, wanda haske ke yanke masa ƙa'ida

An sa ruwa bayan haske ne da gangan. Shukar da ke cikin haske mai kyau tana shan ruwa da sauri, wadda ke duhu kusan ba ta sha. Ruwan da ya yi daidai a bakin taga zai ruɓar da saiwa a lungu. Ga shi kuma wadda ta zubar da rabin ganyenta rabin ruwan da take sha a da ya ishe ta. Don haka babu maganar kowace Juma'a ko duk bayan kwana biyu.

A samo tsinken tsire mai tsabta, a soka shi har ƙasan tukunya, a bar shi minti ɗaya a zaro. Idan ya fito da duhu da ƙasa manne tun daga sama, a jira. Idan santimita 3 zuwa 5 na sama sun fito a bushe, ƙasa kuma da ɗan danshi, lokaci ya yi. A zuba ruwa a hankali a zagaye har ya fara fita ta hujin ƙasa, bayan minti 20 a zubar da wanda ya taru a faranti. Ɗan kofi ɗaya kullum shi ne mafi muni: sama tana jiƙe ko yaushe, saiwoyin ƙasa suna ƙishirwa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki shukar da baƙar ledarta ta wajen masu fulawa, a zura cikin wata kyakkyawar tukunya marar huji. Daga sama komai lafiya. Ka ɗago ledar ka leƙa, sai ka tarar da ruwa kwance kamar yatsa uku, yana warin kwata. Saiwa tana numfashi, idan ta kwana biyu cikin ruwa iska ta yanke mata, ƙananan saiwoyi su mutu, ƙwayoyin ruɓa su shiga. Abin mamaki, shukar sai ta yi yaushi kamar mai ƙishirwa, domin saiwar da za ta ja ruwan ta mutu, mai ita kuma ya ƙara ruwa. Yaushi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa alamar ruɓa ce.

Akasin haka ma yana faruwa da bazara. Ƙasa takan bushe ta ja jikinta daga bangon tukunya, ana zuba ruwa sai ya bi ta gefe ya fita nan take, tsakiya na nan ƙamas. Maganinsa a tsoma tukunyar cikin baho, ruwa ya kai rabinta, minti 20 zuwa 30, a ciro ta tsane.

Idan ana amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse kuma aka ga farin ɓawo a bakin tukunya da saman ƙasa, gishiri ne ya taru. A kankare shi, duk wata biyu ko uku a kai tukunyar waje a ratsa ta da ruwa mai yawan ninki biyu zuwa uku na girmanta. Ruwan sama ya fi kowanne, a tara da damina.

Duba saiwa

Ana yin wannan ne kawai idan ƙasa ta ƙi bushewa bayan kwana goma, ko tana wari, ko shukar na yaushi alhali ƙasa a jiƙe. A kwantar da tukunyar, a zaro shukar da ƙasarta. Lafiyayyar saiwa tana da ƙarfi, fara ce ko mai ɗan ruwan ƙasa. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, luɓus, idan ka ja ta da yatsa biyu fatar ta saɓule ta bar wani zare siriri. A goge almakashi da sifirit a yanke duk ruɓaɓɓen har inda ya koma fari. Idan fiye da rabin saiwar ya tafi, a rage kamar kashi ɗaya cikin uku na rassa don abin da ya rage ya iya ɗaukar nauyi.

Sabuwar ƙasa: kashi biyu na ƙasar lambu mai haɗe da ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi ɗaya na ɓuntun shinkafa ko dakakken gawayi girman ƙwayar masara. Ka jiƙa ka dunƙula a hannu, idan ka taɓa da yatsa ya wargaje, ya yi. Idan ya tsaya kamar tubali, laka ta yi yawa. Banda ɗanyen kashin kaji ko na shanu, yana ƙona saiwa. Tukunyar ta kasance mai huji, kuma kada faɗinta ya wuce dunƙulen saiwar da fiye da santimita 3 zuwa 5. Jera duwatsu a ƙasan tukunya ba ya taimakon tsanewar ruwa, matso da jiƙaƙƙen wurin kusa da saiwa yake yi. Tukunyar yumɓu ta fi ta roba saurin bushewa, ita ta dace da mai nauyin hannu wajen ban ruwa.

A sa safar hannu wajen yanka. Ƙaron fikus yana sa ƙaiƙayi, ya fi tsanani ga wanda jikinsa ba ya son roba irin ta safar hannun asibiti, kuma a hana yara da kyanwa tauna ganyen.

Iska, sanyi da hayaƙi

Fikus tana son zafi tsakanin digiri 18 da 29, ba ta son ya sauka ƙasa da 13 zuwa 15. Daren hunturu a Disamba da Janairu yakan kai nan, a Jos ma ya wuce. Wadda ke baranda ko jikin tagar da ake bari a buɗe sai a kare ta daga iskar arewa maso gabas. Ka tsaya inda tukunyar take a lokacin da AC ke aiki, in kana jin iskar a fuskarka, wurin bai yi ba. Haka ƙarƙashin fanka da bakin ƙofar da ake buɗewa kowane minti.

Da hunturu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Fesa ruwa a ganye yana gushewa cikin 'yan mintuna, amfaninsa wanke ƙura ne kawai. Abin da ya fi shi ne tara shuke-shuke wuri guda da kula da kada ƙasar ta bushe ƙarƙaf.

Akwai wani dalilin da ba a cika tunawa da shi ba. Etilin ɗin nan da ke yanke ganye yana cikin hayaƙin janareta, da na risho mai kalanzir, da na gawayi, kuma ayaba da mangwaro masu nuna suna fitar da shi. Idan janareta na bayan tagar da shukar take, ko ana kunna kaskon turaren wuta a gindinta a rufaffen ɗaki, a raba su.

Ƙwari

A riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe a karkaɗa. Idan wasu ɗigo kamar garin barkono suka faɗo suna motsi, jan gizo-gizon ganye ne, wanda ke yaɗuwa lokacin bushewar iska, wani lokaci da siririyar saƙa a hammatar ganye. Fararen dunƙule kamar auduga a mahaɗar reshe wani ƙwaron ne daban, haka ƙananan ƙuraje masu ruwan ƙasa da ke manne a kara, waɗanda farce ke ɓamɓarewa. Waɗannan biyun suna fitar da darɓa, shi ke jawo kiyashi da baƙin bushi-bushi a ganye. Amma ɗigo fari guda ɗaya mai kamar kakin zuma a bayan ganye, daidai gindin jijiyar tsakiya, halittar fikus ce, kada a yi masa magani.

A ware shukar daga sauran, a wanke ta da ruwa mai ƙarfi. Masu kamar auduga da masu ƙuraje a goge su da audugar kunne da aka tsoma a sifirit. Sannan a haɗa cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, na man darbejiya da rabin cokalin sabulun ruwa marar ƙarfi a lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi, a girgiza, a fesa da yamma, musamman bayan ganye. A fara gwadawa a reshe ɗaya a jira kwana biyu. Feshi ɗaya ba ya kashe ƙwai, sai an maimaita duk kwana bakwai, sau uku ko huɗu. Banda omo da fiya-fiyan sauro.

Idan ta riga ta tsiraita

Kada a yi saurin jefar da ita. A kankari ɓawon reshe da farce. Idan ƙarƙashinsa kore ne mai danshi, ko farin ƙaro ya tsattsafo, yana da rai. Idan ruwan ƙasa ne kuma reshen ya karye ƙas, a bi shi ƙasa-ƙasa ana gwadawa har a iso inda yake kore, a yanke kamar rabin santimita a saman gaɓa. A kai tukunyar wuri mafi haske da rana ba ta duka, a rage ruwa sosai tunda babu ganyen da zai sha, amma kada ƙasar ta bushe har ƙasa. A lokacin zafi akan ga toho kamar kan allura cikin mako uku zuwa shida, da hunturu yakan fi haka jinkiri.

Taki sai bayan sababbin ganye sun buɗe. A narka rabin cokalin shayi na NPK 15-15-15 a lita huɗu ta ruwa, a zuba a kan ƙasar da ta riga ta jiƙe, sau ɗaya a wata daga bazara zuwa ƙarshen damina, a dakata da hunturu. Sabon ganyen shi zai gaya maka ko wurin ya yi: idan ya fito kusa-kusa da juna a kan reshe, hasken ya isa. Idan reshen ya miƙe siriri yana neman taga, da tazara mai tsawo tsakanin ganye da ganye, a matso da tukunyar santimita 30 kusa da gilashi ko a sauko da fitilar, sannan a ba ta wata guda kafin a sake taɓa wani abu.